Ƙasar da Aka Gina da Alƙalami

Da wuya a yi taron marubuta a watse ba a sami wanda ya miƙe ya tuna mana cewa alƙalami ya fi takobi ba. Mukan tafa, domin maganar tana da daɗi a kunnen duk wanda ba shi da abin dogaro sai alƙalamin. To amma mun jima muna son mu ajiye tafin a gefe, mu duba labarin wata ƙasa wadda ta ɗauki wannan magana da gaske, ta gina kanta a kanta, ta kuma rayu shekara 20 cif, daga 1918 zuwa 1938, kafin a zo a gwada ginin. Sunan ƙasar Cekoslobakiya. Mai karatu ba zai same ta a taswirar yau ba, saboda ta rabu biyu cikin lumana ran 1 ga Janairu, 1993, aka sami Cek da Sulobakiya. Amma duk wanda ya taɓa sa takalmin Bata ya taka wani abu nata, domin a wani gari nata da ake kira Zlin aka kafa kamfanin.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya babu ƙasa mai wannan suna. Abin da ke tsakiyar Turai a lokacin wata tsohuwar daula ce ta Ostiriya da Hangari, mai mutum fiye da miliyan 50 da harsuna fiye da goma, ƙarƙashin gidan sarautar Habsburg da ke birnin Biyana. Da daular ta sha kashi a 1918 sai ta wargaje kamar tulun da ya faɗi, kowace al'umma ta sunkuya tana tsintar abin da take ganin nata ne. Ran 28 ga Oktoba na wannan shekara aka yi shelar sabuwar ƙasa a birnin Furag.

Mutumin da ya fi kowa hannu a wannan aiki bai taɓa jan runduna ba. Tomas Masaryk malamin falsafa ne a jami'a, ɗan wani mai tuƙa keken doki, kuma akwai wani abu a tarihinsa da ya kamata kowane marubuci ya sani. Mutanen Cek suna da wasu tsofaffin rubuce-rubucen waƙoƙi da aka ce an tono su a farkon ƙarni na 19, waɗanda suke alfahari da su ƙwarai, don suna nuna cewa kakanninsu sun yi adabi mai zurfi tun zamanin da. A 1886 Masaryk da wasu abokansa suka fito fili suka ce takardun nan jabu ne, wani ne ya zauna ya ƙirƙira su. Aka yi masa ca, aka kira shi maci amanar al'umma. Bai janye ba, kuma daga baya bincike ya gaskata shi. Wannan mutum ne, yana da shekara 64, ya bar gida a ƙarshen 1914 ya shiga yawon London da Faris da Rasha da Amurka, yana rubuta takardu yana shawo kan manya cewa ya kamata a yi ƙasar da ba a taɓa yi ba. Na hannun damansa, Edvard Benesh, shi ma malami ne. Da aka kafa ƙasar Masaryk ya zama shugaba, Benesh ya riƙe ma'aikatar harkokin waje shekara 17 ba tare da yankewa ba, aka kuma rubuta a tutar shugaban ƙasa cewa gaskiya ce ke yin nasara.

Wato dai ƙasa ce ta masu karatu da rubutu, kuma kusan duk abin da ta tsaya a kansa rubutacce ne. Shi ya sa muke ganin hanyar da ta fi dacewa mu marubuta mu fahimci abin da ya same ta ita ce mu karanta takardun nan yadda muke karanta rubutun junanmu, mu lura da abin da aka faɗa, mu kuma fi lura da wurin da aka yi shiru.

Matsala ta fara ne tun daga ƙidaya. A ƙidayar 1930 mutanen ƙasar sun kai wajen miliyan 14 da dubu 700, kuma fiye da miliyan 3 daga cikinsu Jamusawa ne, waɗanda kakanninsu suka zauna a duwatsun bakin iyaka ɗaruruwan shekaru. Akwai 'yan Hangari wajen dubu 700, ga wasu ƙananan al'ummu. Jamusawan nan sun fi 'yan Sulobak yawa. Don kada wannan ya fito fili sai aka haɗa Cek da Sulobak aka rubuta su a matsayin al'umma ɗaya, da haka aka sami rinjaye mai kauri a takarda. A taron sulhu na Faris a 1919 Benesh ya rubuta wa manyan ƙasashe cewa niyyarsu ita ce su mai da ƙasar wani abu mai kama da Suwizalan, inda kowane harshe ke da gidansa. Ba a yi hakan ba, mulki ya tattaru a Furag. A watan Maris na wannan shekarar kuma sojojin sabuwar ƙasar sun buɗe wuta kan Jamusawa masu zanga-zanga, suka kashe fiye da 50. Adalci ya sa mu faɗa cewa duk da haka babu wata ƙasa a yankin da ta riƙe ƙananan al'ummunta da kyau kamar wannan. Suna da makarantunsu da jaridunsu da jami'arsu, daga 1926 ma har ministoci Jamusawa aka yi a gwamnati. Amma an riga an rubuta alkawarin da ba a cika ba, kuma wanda aka yi wa alkawari ba ya mantuwa ko da wanda ya yi ya manta.

A waje kuwa, kusan duk maƙwabci yana da ƙorafi. Yarjejeniyar Trianon ta ran 4 ga Yuni, 1920 ta yanke wa Hangari wajen kashi 2 cikin 3 na ƙasarta, ta bar 'yan Hangari wajen miliyan 3 a hannun maƙwabta. Folan, wadda hankali zai ce ita ce abokiyar da ta fi dacewa tunda tsoronsu ɗaya, an ɓata da ita tun Janairun 1919 a kan wani ɗan yanki mai kwal da layin dogo da ake kira Teshen, har aka yi faɗa na mako guda. Ba su sake shiryawa ba har ƙasashen biyu suka faɗi. Abin da Benesh ya yi shi ne ya ƙulla ƙawance da Romaniya da Yugoslabiya a 1920 da 1921, wanda aka riƙa kira Ƙaramin Ƙawance. Ya yi amfani a farko, domin sau biyu a 1921 tsohon sarki Karl ya yi ƙoƙarin komawa gadon sarautar Hangari aka hana shi. Sai dai in an karanta takardun, a kan Hangari kaɗai aka yi alkawarin taimakon juna. An gina katanga mai tsawo a gefen da akuya ke shigowa, gefen kura kuwa aka bar shi ga Faransa.

Nan ne ya kamata mu dakata. A watan Oktoba na 1925 manyan Turai suka taru a wani gari na bakin tafki a Suwizalan mai suna Lokarno. Jamus, ta bakin ministanta Gustav Stresemann, ta amince cewa iyakarta da Faransa da Beljiyam ta zauna ke nan har abada, Ingila da Italiya suka tsaya a matsayin masu lamuni. Duniya ta yi murna, aka ba Stresemann da Briand na Faransa da Austen Cembalen na Ingila kyautar Nobel ta zaman lafiya. To ina batun iyakar Jamus ta gabas, wadda ta haɗa ta da Folan da Cekoslobakiya? A nan takardar ba ta ce ta zauna ba. Abin da aka rubuta kawai shi ne in saɓani ya taso za a kai shi gaban masu sulhu, kuma Ingila ta ƙi tsayawa lamuni. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san ma'anar a ce gonar yamma an gama maganarta, a yi shiru a kan ta gabas. Shirun nan shi ne saƙon, kuma a Balin an karanta shi daidai. Benesh ya koma gida da wata takarda dabam wadda Faransa ta yi alkawarin kawo ɗauki in Jamus ta kai hari, ya gabatar da abin a matsayin nasara. Ba mu ce bai gane ba, mutum ne mai kaifin basira wanda ya san lungu da saƙon Majalisar Ƙawancen Ƙasashe da ke Janiba, wadda ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, har ya shugabanci babban zaurenta a 1935. Amma ɗabi'arsa ce in ya ga rami a takarda ya rufe shi da wata takardar.

Haka ya sake yi ran 16 ga Mayu, 1935, bayan Hitila ya hau mulki da shekara biyu, lokacin da ya sa aka ƙulla yarjejeniyar taimakon juna da Tarayyar Sobiyet. A cikinta akwai sharaɗi guda: Sobiyet ba za ta motsa ba sai Faransa ta fara motsawa. Ɓangaren Furag ne ma ya so a sa wannan sharaɗi, don kada a ce sun jingina da 'yan gurguzu. Ga shi kuma ƙasashen biyu ba su haɗa iyaka ba, sai an ratsa Folan ko Romaniya, kuma babu wadda ke marmarin ganin sojan Rasha a gonarta. Saboda haka duk igiyoyin suka koma ɗaure a turke ɗaya, wato Faransa. Ita kuwa Faransa ta kashe dukiyarta wajen gina ganuwar Majino a bakin iyakarta, abin da ke nuna wa mai ido cewa shirinta na zama a gida ne ta kare kanta. Da Hitila ya mai da sojojinsa yankin kogin Rayin a Maris 1936, wanda hakan karya Lokarno ne ƙarara, Faransa ba ta ɗaga ko yatsa ba.

Yanzu bari mu shigo da ɗan'uwanmu a sana'a. Karel Capek (a karanta harafin farko na sunan mahaifin yadda muke karanta shi a Hausa, haka masu sunan ke faɗa) an haife shi a 1890, kuma shi ne marubucin ƙasar da duniya ta fi sani a zamaninsa. Daga wasan kwaikwayonsa na 1920 mai suna R.U.R. kalmar nan robot ta shiga harsunan duniya, ko da yake shi da kansa ya ce wansa Josef, mai zane, shi ya ba shi ita. Ɗan jarida ne a Lidove noviny, yana rubutu kusan kullum a kan komai, daga siyasa har zuwa kiwon kare da shukar fure. Shi ne shugaban farko na reshen ƙungiyar marubuta ta duniya, PEN, a ƙasarsu a 1925. Kowace Juma'a marubuta da malamai da 'yan jarida sukan taru a gidansa a Furag su yi hira, kuma wani lokaci shugaban ƙasa da kansa yakan zo ya zauna cikinsu, haka ma Benesh. Daga baya Capek ya yi shekaru yana zama da tsohon yana rubuta hirarsu, aka buga ta littafi uku tsakanin 1928 da 1935.

Wanene a cikinmu bai taɓa mafarkin irin wannan ba? Shugaban ƙasa ya tako zauren marubuci, ya zauna a saurari ra'ayinsa shi ma ya saurara. Kuma gwamnatin ba ta azzalumai ba ce. Lokacin da ƙasashen yankin suka riƙa faɗawa hannun masu mulkin kama-karya ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai ta ci gaba da zaɓe da majalisa har ƙarshe. Marubutan da suka gudo daga Jamus can suka sami mafaka, har Thomas Mann da wansa Heinrich aka ba su takardar zama 'yan ƙasa. In marubuci zai tsaya wa wata gwamnati, da wuya ya sami wadda ta fi wannan cancanta.

Duk da haka abokan hamayya sun riƙa kiran Capek marubucin fada, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Ba a ce ya yi ƙarya don kuɗi ko muƙami ba. Haɗarin Hitila ma ya gan shi sarai tun da wuri. A 1936 ya fitar da labarinsa na yaƙi da ƙadangarun ruwa, inda 'yan Adam suka yi ta sayar wa wasu halittu makamai saboda riba har halittun suka fara cinye ƙasa. A 1937 ya yi wasan Farar Cuta, labarin wani likitan talakawa da ya gano maganin annoba ya ce ba zai ba masu mulki ba sai sun bar yaƙi, a ƙarshe taron jama'a masu ihun yaƙi suka tattake shi da maganin a titi. A 1938 ya yi wasan Uwa, inda matar da ta rasa miji da 'ya'ya huɗu ta miƙa wa autanta bindiga da hannunta. Mutumin da ya rubuta waɗannan ba makaho ba ne. Abin da zama kusa da fada ya rage masa, a ganinmu, shi ne shakka a kan abokai. Ya yi imani da Ingila da Faransa yadda fadar ta yi imani da su, yana ƙaunar Ingila har ya rubuta littafin tafiyarsa can, ya kuma fassara waƙoƙin Faransa zuwa harshensu. A wurinsa waɗannan ƙasashe su ne gidan mutunci da cika alkawari. Wanda ke cin tuwo a akushi ɗaya da mai gida yakan ga abokan gaban mai gida da kyau, amma aminan mai gida sai ya gan su da idon mai gidan.

Akwai wata marubuciya a wannan birni da ta bi wata hanyar. Milena Jesenska, wadda duniya ta fi sani saboda wasiƙun da Franz Kafka ya rubuta mata, ita ce ta fara fassara shi zuwa harshen Cek, kuma daga 1937 tana aiki da mujallar Pritomnost. A 1938 ta shiga jirgin ƙasa ta tafi garuruwan Jamusawa na bakin iyaka ta duba da idonta. Yankin na masana'antun gilashi da saƙa ne, masu dogaro da kasuwar waje, saboda haka karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta fi yi musu illa fiye da sauran ƙasar. Cikin wannan yunwa wani malamin motsa jiki mai suna Konrad Henlein ya kafa jam'iyya, a zaɓen 1935 ta sami ƙuri'a fiye da kowace jam'iyya a ƙasar baki ɗaya, wajen kashi 2 cikin 3 na ƙuri'un Jamusawa. Abin da Milena ta rubuto shi ne halin sauran, wato Jamusawan da suka ƙi bin Henlein, 'yan ƙwadago da Yahudawa, waɗanda aka daina saye a shagunansu, aka daina gaishe su, ake korar su daga aiki, kuma gwamnatin da suke kare wa ba ta waiwaye su yadda ya kamata ba. Babu ɗaya daga cikin wannan da za a samu a takardun Janiba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Maris 1938 Hitila ya haɗiye Ostiriya, sai ga Cekoslobakiya a cikin bakin kura ta gefe uku. A ƙarshen watan ya gana da Henlein suka daidaita cewa kullum a riƙa neman abin da ba za a iya bayarwa ba. A watan Yuni marubutan duniya suka yi babban taron PEN a Furag, aka yi jawabai masu daɗi, kowa ya koma gida. A farkon Satumba Benesh, wanda ya gaji Masaryk a shugabanci tun 1935, ya amince da kusan duk buƙatun Henlein, sai aka nemi dalili aka yanke tattaunawa. Neville Cembalen, firayim ministan Ingila, ƙanin wancan Austen na Lokarno, ya hau jirgin sama ya tafi wurin Hitila ran 15 ga wata. Da tsakar daren 21 ga wata jakadun Ingila da Faransa suka ta da Benesh suka gaya masa in bai miƙa yankunan ba, to ya sani shi kaɗai ne. Ran 23 aka yi shelar kiran soja, mutum fiye da miliyan 1 suka amsa cikin 'yan kwanaki. Marubutan ƙasar, har da Capek, suka fitar da kira zuwa ga lamirin duniya. Ran 27 Cembalen ya yi magana a rediyo yana mamakin yadda za a ce mutanen Ingila su haƙa ramukan ɓuya saboda rigimar wata ƙasa mai nisa tsakanin mutanen da ba su san kome a kansu ba.

Ran 29 ga Satumba mutum huɗu suka zauna a Munik: Hitila, Musolini, Cembalen da Daladiye na Faransa. Ba a gayyaci Sobiyet ba. Cekoslobakiya ta aiko mutum biyu, jakadanta a Balin, Vojtech Mastny, da wani jami'in ma'aikatar waje, Hubert Masarik, wanda bai kamata a rikita shi da tsohon shugaban ba, shi ya riga ya rasu a 1937. Ba a bar su sun shiga zauren ba. Aka kai su otal aka ajiye, 'yan sandan Jamus na tsaron su, suka yi ta jira har dare ya raba. Bayan an sa hannu aka kira su ɗakin Cembalen aka miƙa musu takarda mai sakin layi 8 da taswira. Da suka tambaya ko ana jiran amsar gwamnatinsu, aka ce musu ba a jiran wata amsa, an ɗauka an karɓa. Masarik ya rubuta a rahotonsa cewa Cembalen ya yi ta hamma bai ko ɓoye ba.

Mun karanta labarin yaƙe-yaƙe da yawa, amma hammar nan ta fi tsaya mana a rai. Wataƙila don mun san irinta. Kuma ba da nisa abin ya wuce mu ba. A watan Maris na wannan shekarar jakadan Ingila a Balin ya kai wa Hitila tayin a sake tsarin mulkin tsakiyar Afirka a ba Jamus kaso, Hitila ne bai nuna sha'awa ba, hankalinsa na kan Turai. Bayan Munik jita-jita ta bazu a Nijeriya cewa Ingila za ta miƙa ƙasar ga Jamus, kuma kashe irin wannan jita-jita na cikin dalilan da suka sa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939. Mutanen da suka ji tsoron nan ba wauta suka yi ba, sun ga abin da aka yi wa wanda ke riƙe da takardar alkawari a hannu, balle su da ba su da ita.

Benesh ya karɓa ran 30 ga wata, ya sauka daga mulki ran 5 ga Oktoba ya bar ƙasar. Folan ta aiko da nata wa'adin ta karɓe Teshen, Hangari ta sami kudancin Sulobakiya a Nuwamba. Cikin mako biyar ƙasar ta rasa kusan kashi 1 cikin 3 na faɗinta da na jama'arta, tare da duwatsu da ganuwar da ta gina a cikinsu. Har yau masana na gardama ko da ya kamata a yi yaƙi. Mu dai ba mu da bakin zargin mutumin da aka ce ya zaɓa tsakanin ƙasarsa da rayukan mutanenta, shi kaɗai, cikin dare. Abin da aka sani shi ne tankokin da masana'antun Cek suka ƙera suna cikin waɗanda Jamus ta shiga Faransa da su a 1940.

Saura takarda ɗaya. A jikin yarjejeniyar Munik an liƙa wani ƙari inda Ingila da Faransa suka ce za su lamunci sabuwar iyakar abin da ya rage. Ran 14 ga Maris, 1939 Sulobakiya ta ɓalle bisa matsin Hitila, washegari sojojin Jamus suka shiga Furag. A ranar Cembalen ya gaya wa majalisarsu cewa tunda ƙasar da aka yi wa lamunin ta rushe daga ciki, lamunin bai hau kansu ba. Masu fassara a cikinmu su duba wannan da kyau, don ba a taɓa kalma ɗaya ta takardar ba.

Za a iya cewa to ai shi ke nan, takobi ya ci alƙalami. Mu ba haka muka karanta labarin ba. Hitila bai karɓi yankunan nan da harbi ko ɗaya ba, da kalma ya karɓe su, kuma kalmar ba tasa ba ce. 'Yancin kowace al'umma ta zaɓa wa kanta makoma, wanda Shugaba Wilson na Amurka ya yayata, wanda Masaryk ya kafa ƙasarsa a kansa, shi Hitila ya ɗauka ya juya, ya ce to ga Jamusawa miliyan 3 su ma a ba su. Mutane da yawa a Ingila suka ga maganar tana da hujja, kuma abin da ya ba ta hujjar shi ne ramin da aka bari tun 1919. Alƙalami ya yi aiki a Munik ƙwarai da gaske, a hannun wani ne kawai. Abin da ya karye shi ne zaton cewa rubutu na ɗaure mai ƙarfi ko da ba ya so, da zaton cewa wanda ya iya tsara magana ya gama aikinsa in ya tsara ta. Kuma in za a tambaye mu wanne ne cikin marubutan nan biyu ya fi yi wa ƙasarsa hidima a 1938, za mu yi jinkiri, don muna ƙaunar Capek, amma za mu ce wadda ta shiga jirgin ƙasa.

Capek bai ga shigar Jamusawa ba. Bayan Munik jaridun masu ra'ayin riƙau na ƙasarsa suka juya kansa, suka ɗora masa laifin duk abin da tsohuwar fada ta yi, wasiƙun zagi marasa suna suka riƙa zuwa gidansa. An ba shi shawarar ya tafi Ingila, ya ƙi. Ciwon huhu ya kama shi, ya rasu ran 25 ga Disamba, 1938, yana da shekara 48. Bayan mamaya 'yan sandan asirin Jamus sun zo gidansa su kama shi, matarsa, 'yar wasan kwaikwayo Olga Scheinpflugova, ita ta gaya musu sun makara. Wansa Josef an kama shi ran 1 ga Satumba, 1939, ranar da aka fara yaƙin da aka ce an hana, ya mutu a sansanin Bergen-Belsen a Afrilun 1945. Milena ta shiga aikin ɓoye na fitar da mutane daga ƙasar, aka kama ta a Nuwamban 1939, ta mutu a sansanin Ravensbruck ran 17 ga Mayu, 1944. Benesh ya dawo shugabanci bayan yaƙi, kuma a 1945 da 1946 aka kori kusan duk Jamusawan ƙasar, wajen miliyan 3. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙi bin Henlein, waɗanda Milena ta je ta rubuta labarinsu, su ma suka tattara kayansu suka bi sahu.